Garambawul: Kalmar da Ta Baro Gareji

Da wuya mako ya wuce ba ka ji ta a labaran rediyo ba. Gwamna ya yi wa majalisar kwamishinoni garambawul, za a yi wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa garambawul, masana sun ce sai an yi wa harkar ilimi garambawul kafin a ga haske. Kalmar ta daɗe a ofis da ɗakin watsa labarai, har yaran yanzu suna ɗauka can aka haife ta. Amma wanda ya kasa kunne da kyau zai ji asalinta a wutsiyarta. Akwai bawul a ciki, shi kuwa bawul gidansa cikin inji ne. Masu nazarin harshe sun danganta kalmar da yadda Turawa ke kiran aikin goge bawul. Kunnen bakanike ya ji, harshensa ya lanƙwasa furucin, ya fito da shi a Hausance. 'Yar gareji ce, da warin baƙin mai a jikinta.

A ƙaramin injin babur irin Boxer da 'yan'uwansa, bawul biyu ne, kowanne ɗan ƙarfe mai faffaɗan kai da siririyar ƙafa. Ɗaya yana buɗe ƙofa fetur da iska su shiga, ɗaya yana buɗewa hayaƙi ya fita, kuma lokacin da wuta za ta tashi dole dukansu su rufe ruf. Yau da gobe, zafi da gawayin da ƙonewar mai ke bari sukan ɓata leɓen bawul da mazauninsa, sai ya riƙa rufewa da saura. Maganin abin shi ne a shafa wa leɓen wani mai mai yashi-yashi, a manna sanda mai kan roba a bisa bawul ɗin, a riƙa murza ta tsakanin tafin hannu biyu kamar yadda ake murza maburgi a tukunyar miyar kuka. Ana murzawa, ana ɗagawa, ana ɗan juyawa, har sai wani zare mai ruwan toka ya zagaye leɓen ba yankewa. Daga nan a mayar da bawul mazauninsa, a zuba fetur ta bayansa, a zuba ido. In ya tsattsafo, aiki bai yi ba, a koma. In ya tsaya cik, an gama.

Ba a kai wa ga bawul sai an cire kan inji, kuma da zarar an cire shi ido zai faɗa kan fistin da bangon silinda. Wanda ya buɗe ba ya iya cewa bai gani ba. Ina ganin ta nan sunan ƙaramin aiki ya zama sunan babba: kwance inji gaba ɗaya, a auna kowane ƙarfe, a zubar da wanda ya mutu, a sa sabo. Daga gareji kalmar ta fita titi, ta shiga jarida, ta hau kujerar mulki. Wannan ba laifi ba ne, haka kalmomi ke tafiya. Abin da ya dame ni shi ne kayan da ta zubar a hanya, kuma ba a gane su sai an koma an tsaya kan bakanike yana aikin daga farko har ƙarshe.

Aikin yana farawa ne da magana. Mai babur ya zo, ya kafe shi, ya ce: "Oga, ba ya ja kamar da. Da safe sai na yi ta bugawa kafin ya tashi. Ga shi yana shan baƙin mai, salansa kuma sai hayaƙi." Ka saurari kalmomin aikatau da ke ciki, babu ɗaya da aka aro. Tashi, ja, sha, duk na masu rai ne. Bahaushe bai ƙirƙiro wa inji sabon harshe ba, ya ba shi nasa. Ana tayar da shi, ana kashe shi, yana mutuwa a tsakiyar hanya, yana tari, yana ɗaukar zafi. In abin ya kai maƙura, ƙarafan ciki suka cije, a ce inji ya buga, da kalmar da ake faɗa wa mutumin da zuciyarsa ta tsaya farat ɗaya.

Ci da sha kuwa sun fi kowa aiki a gareji. Babur yana shan mai, yana shan iska, yana shan kwana, yana shan wahala a hannun mai shi. Birki ba ya ci, wato ba ya kamawa. Amma in aka ce ringi ya cinye, ba a nufin ya ci wani abu. Shi ne ya ƙare, gogayya ta rage shi kaɗan-kaɗan har ya kasa aikinsa. Ina son wannan furuci ƙwarai, domin yana faɗin gaskiyar inji a kalma ɗaya: duk abin da ke aiki a cikinsa yana cin kansa ne. Tun ranar da aka fara tayar da sabon babur lalacewarsa ta soma, baƙin mai kawai yana jinkirta ta.

Bakanike na ƙwarai yana karanta hayaƙi kafin ya taɓa sifana. Baƙi, fetur ya yi yawa, a duba kafireta ko matatar iska. Mai shuɗi-shuɗi da ƙauri, baƙin mai ne ke haurowa inda wuta take, yana ƙonewa tare da fetur. A tsohuwar Jincheng da ire-irenta, waɗanda ba su da bawul kuma an gina su ne su ƙona baƙin mai tare da fetur, hayaƙi ɗabi'a ce. A injin Boxer cuta ce. Ya kwance fulogi ya ga bakinsa ya yi baƙi, ya jiƙe da mai. Ya danna kik da hannu ya ji ya tafi salalam, babu turjiya. To, a nan zargi ya faɗa kan ringi, ko da yake robar da ke wuyan bawul ma takan saki mai, shi ya sa mai hankali ba ya yanke hukunci sai ya buɗe.

Sai mutum ya san wahalar da ringi ke sha zai girmama shi. Ɗauki injin Honda CG125, wanda ya fito a 1975 kuma kamfanonin Sin suka kwaikwayi ƙirarsa suka cika duniya da ita. Faɗin silindarsa milimita 56.5 ne. Idan injin yana juyi 6,000 a minti ɗaya, fistin yana hawa sau 100, yana sauka sau 100 a cikin daƙiƙa guda, wuta kuma tana tashi a kansa sau 50. Fistin na alminiyam ne, bangon da yake gudu a ciki na baƙin ƙarfe, kuma alminiyam ya fi kumbura in ya ji zafi. Don haka dole a bar 'yar rata tsakaninsu, in ba haka ba su cije. Wannan rata ita ce aikin ringi. Guda uku ne. Na sama yana tare ƙarfin wuta kada ya zurare ƙasa. Na biyu yana taya shi, yana kuma share abin da ya saura na mai. Na ƙasa, wanda yawanci yake zuwa gida uku, siraran ƙarafa biyu da mai lanƙwasa a tsakiya, shi ke kankare baƙin mai daga bango ya mayar da shi ƙasa, ya bar ɗan abin da zai hana gogayya. Ta jikinsu kuma yawancin zafin fistin ke bi ya fita zuwa bango, iska ta kwashe.

Akwai masu kishin harshe da za su so a ce zoben fistin, a bar ringi. Na fahimce su, amma a nan ina bayan kanikawa. Zobe, a kunnen Bahaushe, abu ne da ya zagaye ya haɗe, ba farko ba ƙarshe. Ringi kuwa a yanke yake, yana da baki, kuma duk hikimarsa a bakin nan take. Wani injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, John Ramsbottom, shi ya fito da wannan dabara a 1852. Kafin shi, da igiya irin ta rama ko wasu ƙarafa masu nauyi ake toshe gefen fistin a injinan tururi. Shi sai ya yi siririn ƙarfe wanda ya ɗan fi ramin faɗi, ya yanke shi a wuri ɗaya, ya matse ya tura ciki. Ƙarfen yana son ya buɗe ya koma yadda yake, bango ya hana shi, sai ya manne da bangon da ƙarfin kansa. Fiye da shekara 170 ke nan, dabarar ba ta canja ba. Abin da yake wannan aiki ya cancanci sunansa na kansa, kuma bakanike ya riga ya ba shi.

Bakin ringi yana da iyaka. A injin irin CG125 ratar tana tsakanin milimita 0.15 da 0.35, kaurin takarda biyu ko uku ke nan. In ta gaza haka, ringi ya ji zafi ya miƙe, bakinsa biyu su haɗu, ya rasa inda zai je, ya karye ko ya karce bango. In ta wuce, ƙarfin wuta ya bi ta nan ya tsere. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a kasuwar hatsi maganar tana nan daram. A cikin silinda ido bai san kima ba. Dole a tura ringi cikin ramin, a daidaita shi da kan fistin don ya zauna sosai, a zura ma'aunin nan mai siraran ganyen ƙarfe a bakinsa, a karanta lamba. Garejinmu da yawa ba su da wannan ma'auni, ko suna da shi yana kwance a akwati ya yi tsatsa. Ina jin zafin wannan, domin kuɗinsa bai kai na ringi nagari ba, kuma rashinsa ya kashe injina masu yawa da aka ɗora wa laifin a kan kayan Sin.

Idan aka zare bulok, wato gidan silinda, aka fito da fistin, sai a shiga karatu na biyu. Bangon silinda ba ya cinyewa daidai wa daida. Ya fi ci ta sama, inda zafi da matsi suka fi yawa kuma mai ya fi ƙaranci, har ya bar wata 'yar gaɓa da farce ke ji a inda ringi ke tsayawa. Ya fi ci ta gaba da baya, inda fistin ke jingina, sai ramin da yake da'ira ya koma kamar ƙwai. Sabon ringi da'ira ne cikakke. Ka sa shi a ramin da ya karkace, zai taɓa nan ya bar can, hayaƙi ya ɗan lafa na 'yan makonni ya dawo. Gyaran gaskiya shi ne a kai bulok wurin masu injin faɗaɗa rami, su mayar da shi da'ira, a sayo fistin da ringi da suka fi na asali girma. Matakan a ƙayyade suke: daga sitanda sai 0.25, sai 0.50, sai 0.75, sai milimita 1. Bayan nan bango ya ƙare, sai a dasa sabon hannun riga na ƙarfe a ciki, ko a sayi sabon bulok, wanda a yau sau da yawa ya fi sauƙi.

A daidai wannan gaɓa ne ake jin kalmar da ta fi kowace taɓa ni a gareji.

"Oga, don Allah a lallaɓa min shi, ko zuwa bayan kaka ne."

"To, zan sa maka ringi. Amma ka sani bulok ɗin ya ci, ba zai kai ka nesa ba."

Ba na ganin laifin mai wannan roƙo. Babur ɗin nan shi ne gonarsa, shi ne shagonsa. Da shi yake kai mai naƙuda asibiti daga ƙauyen da mota ba ta shiga, da shi yake ɗauko buhun taki, daga shi ake cefane. Wani ma ba nasa ba ne, kullum yamma sai ya kai wa mai shi balas. Kwana biyu a gareji kwana biyu ne ba shiga, ga kuɗin kaya a kai. Lallaɓawa dabara ce ta wanda aljihunsa bai kai ciwonsa ba, kuma Hausa ta ba ta suna mai taushi saboda ta san halin da ake ciki. Abin da nake yabawa shi ne amsar bakaniken. Ya yi abin da aka roƙe shi, amma ya kira aikin da sunansa. Bai ce ya yi garambawul ba.

Gareji yana da matakan suna, kuma kowane mataki da kuɗinsa. Akwai sabis: a juye baƙin mai, a wanke fulogi da kafireta, a ɗaure sarƙa. Akwai faci, a toshe inda ya ɓule a ci gaba da tafiya. Akwai kwaskwarima, wadda ba ta shiga ciki ko kaɗan, fenti ne da sabuwar rigar kujera da sitika, irin wadda ake yi wa babur in za a kai shi kasuwa. Garambawul yana can sama da su duka. Bakaniken da ya karɓi kuɗin garambawul ya yi faci, ba a ce masa ya yi kuskuren kalma, ana ce masa maci amana, kuma salansa ce za ta tona shi kafin wata ya ƙare. Wannan shi ne abin da ya sa harshen gareji yake da nauyi. Kowace kalma tana da ƙarfen da zai gaskata ta ko ya ƙaryata ta.

Sai maganar kaya. Wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya san yadda kayan babur ke tasowa daga Nnewi su bazu a Arewa, ya san ringi ɗaya yana iya zuwa a kwali iri ɗaya da farashi uku. Akwai gangariya, akwai mai dama-dama, akwai jabu. Ido ba ya raba su, domin bambancin yana cikin ƙarfen. Wanda ya fi kowa sanin haka shi ne mutumin da sunansa ke jikin babura fiye da na kowa a duniya. Soichiro Honda, wanda aka haifa a 1906, ɗan maƙeri ne mai gyaran kekuna. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo ya zama yaron gareji, kuma watanninsa na farko a rainon jaririn maigidansa suka tafi kafin a bar shi ya taɓa inji. Da ya tashi kafa masana'antarsa a 1937, ringi ya fara ƙerawa. Ya kai wa kamfanin Toyota guda 50 a gwada, uku kacal suka tsallake. A siffa ba su da aibu, amma ƙarfen ba shi da kyau. Neman gane ƙarfen ringi ne ya sa mutumin da ya riga ya yi suna a kanikanci ya koma makarantar fasaha ta Hamamatsu ya zauna cikin ɗalibai, a can ya gano narkakken ƙarfensa yana da ƙarancin sinadarin silikon. Sai a 1948 ya kafa kamfanin Honda. Babur ɗinsa Super Cub, da ya fito a 1958, an ƙera fiye da miliyan 100 zuwa 2017. Duk yaron garejin da ke wanke noti a cikin fetur a Fanteka ta Kaduna ya kamata a ba shi wannan labari, har da wurin komawa makarantar.

Haɗa inji ya fi kwance shi wuya, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Kafin a sa ɗan kilif ɗin da ke riƙe ƙusar fistin, sai a cusa tsumma a bakin ramin da ke ƙasa, domin in kilif ya kuɓuce ya faɗa ciki, sai an raba injin biyu kafin a same shi. Ba a mayar da tsohon kilif, ko da ya yi kyau a ido. Fistin yana da gaba da baya, akwai alama a kansa da ke nuna wajen da zai fuskanta. Ringi yana da sama da ƙasa, ɗan harafin da ke kusa da bakinsa sama yake kallo, in aka kifa na biyu sai ya riƙa tura mai sama maimakon ƙasa. Bakunan ringin uku ba a jera su a layi ɗaya, ana rarraba su kewaye da fistin don kada su zama hanya. A shafe komai da baƙin mai, a matse ringi da yatsu a zura a hankali, ba duka. A sa sabon gaskit. A ɗaure notunan kai a gicciye, wannan kusurwa sai waccan, kaɗan-kaɗan, don kada kan ya karkace. A kawo alamar da ke jikin maganeto daidai da tsagarta don wuta da bawul su haɗu a lokaci ɗaya. A saita ratar bawul inji yana sanyi, ita ma ba ta kai kaurin takarda ɗaya ba a yawancin ƙananan injina. Babu mataki ɗaya a cikin waɗannan da mai babur zai gani bayan an rufe. Amana ce zalla.

Inji ya tashi, yaran gareji sun yi murmushi, amma aiki bai ƙare ba. Sabon ringi da sabon bango ba su san juna ba tukuna. Masu faɗaɗa rami suna barin wani siririn zane a gicciye a jikin bangon da gangan, don ya riƙe mai, ringi kuma ya goga a kansa har su zauna da juna. Wannan yana ɗaukar tafiyar kilomita ɗaruruwa. A tsawon lokacin ba a murɗa totur har ƙarshe, ba a ɗora buhu uku, ba a barin inji ya yi ta kuka a wuri ɗaya, kuma ana juye baƙin mai da wuri saboda garin ƙarfen da gogayyar farko ke saki. Me bakanike ke cewa in zai miƙa makulli? "Ka lallaɓa shi." Kalmar ɗazu ce ta dawo, amma ta sauya matsayi. Lallaɓawa kafin gyara jinkirta ciwo ne. Lallaɓawa bayan gyara ita ce cikon gyaran, kuma ita ce rabon mai babur a cikin aikin. Da yawa sun biya kuɗin garambawul cikakke, suka kashe shi a mako na farko saboda gaggawar mayar da abin da suka kashe.

Akwai kuma tambayar da bakanike nagari ba ya barin mai babur ya tafi bai yi masa ita ba: me ya cinye ringin farko? A ƙasarmu amsar ba ta da nisa. Ƙura ce, musamman ta hunturu, da ta hanyoyin da ba kwalta. Soson da ke tace iska in ya yage, ko aka cire shi wai don babur ya ƙara gudu, kowane numfashin inji yana shigo da yashi, yashin ya haɗu da mai ya zama abin goge ƙarfe. Sai baƙin mai. Injin nan kusan lita ɗaya yake ɗauka, ba shi da ruwan sanyaya shi, wannan litar ce ke hana gogayya kuma take taya iska kwashe zafi. A bar ta ta yi wata da watanni, ko a sayi wadda aka sake durawa a tsohuwar galan, to, ringi ne zai biya. In ba a toshe waɗannan ƙofofi ba, sabon fistin zai bi hanyar tsohon.

Yanzu a dawo da kalmar inda muka same ta. A gareji, in an ce garambawul, an buɗe an duba da ido. An auna da ma'auni, ba da ra'ayi ba. An fitar da abin da ya mutu, an nuna wa mai kaya a tafin hannu. An nemo dalilin lalacewar. An yi haƙurin da sabon abu ke buƙata. Kuma akwai shaidar da kowa zai gani, hayaƙi ya tsaya ko bai tsaya ba. A labarai fa? Sau da yawa abin da ya faru shi ne an ɗauke wannan daga ma'aikatar ruwa an kai shi ta lafiya, an kawo na lafiya ta gona. Babu wanda ya faɗi abin da aka auna, babu wanda ya nuna abin da ya cinye, kuma bayan shekara babu mai komawa ya duba salansa. Da bakanike zai wanke tsohon fistin da fetur ya mayar, ba zai yarda a kira shi da wannan suna ba. Hausa ba ta rasa kalmomin da suka dace da irin wancan aiki ba: sauye-sauye, canjin wurin aiki, gyaran fuska, kwaskwarima. Idan muka kira ƙaramin abu da babban suna, mai sauraro a ƙauye yana sa ran babban sakamako, in bai gani ba sai ya daina yarda da kalmar, daga baya ya daina yarda da mai faɗinta. Ranar da aka yi garambawul na gaske kuma, ba mu da sauran sunan da za mu kira shi.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke kallon harshen kanikawa kamar gurɓatacciyar Hausa. Salansa, fulogi, sifana, boris, totur, kuloci: kowace an sassaƙa ta ta zauna a bakin Bahaushe, tana ɗaukar jinsi, tana ɗaukar jam'i, tana shiga karin magana da zambo. Ka tsallaka Maraɗi ko Damagaram ka ji fulogi ya koma buji, babur ya koma moto, domin can kunne Faransanci ya saurara, amma inji yana tashi yana mutuwa da Hausa ɗaya. Da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, kanikawa da yawa sun koma kan A Daidaita Sahu da sifanunsu da kalmominsu, suka ƙara sababbi. Wannan ƙirƙira tana gudana kullum a ƙarƙashin rumfar kwano, ba kwamiti, ba taron ƙara wa juna sani. Ƙamusun Bargery na 1934 daga bakin mutane aka tattaro shi, manoma da maƙera da majema da fatake. Na Jami'ar Bayero ya fito a 2006. Tun daga lokacin injina sun canja, kalmomi sun ƙaru, tsofaffin kanikawan da suka yi zamanin Vespa da Honda Benly kuma suna ta tafiya da nasu.

Ina roƙon ɗalibanmu na sashen Hausa da ke neman abin da za su rubuta kundi a kai, su ɗauki littafi da alƙalami su je gareji, su zauna a kan benci su rubuta abin da suka ji, da yadda aka faɗe shi, da ƙarfen da ake nufi. 'Yan'uwana na ɗakin labarai kuma, in takardar gwamnati ta zo muku da sauyin kujeru, ku rubuta sauyin kujeru. Ku ajiye garambawul sai ranar da aka nuna muku abin da aka cire da abin da aka sa a madadinsa.